Shekarar da Na Yi Waƙa da Muryar Inna

A cikinku, 'ya'yana da jikokina, babu wanda ya taɓa jin muryata. Abin da kuka sani shi ne wannan raɗar da nake yi, wadda sai kun kawo kunne dab da bakina, kuna yamutsa fuska saboda warin taba. Kun taso kun tarar ana cewa Gwaggo Kulu, yayar mahaifina, ita ta ba ni wani abu a gora na sha, murya ta tafi. Na ƙaryata wannan magana tun ina da haƙora a baki, amma mace mai raɗa ba ta iya ja da bakin kasuwa. Shi ya sa na zaunar da babban ɗana da alƙalami da tawada, ina faɗa masa a kunne yana rubutawa. In ya yi mini ƙari ko ragi, shi da Allah.

Dakoro a zamanin da nake ba ku labari rijiyoyi ne da 'yan bukkoki, daidai inda gonakin gero suke ƙarewa dajin makiyaya ya fara. Muna noma kamar kowa, amma abin da aka san gidanmu da shi kiɗa ne. Baba, wanda ake kira Bawa mai goge, shi yake kiɗa, Inna kuma zabiya ce, ita take waƙa. Fulani da Buzaye in sun sauka bakin rijiya da suna ko aure, mu ake aika wa. Ni ce 'yar fari, kuma kun san yadda al'adarmu take da ɗan fari. Iyayena ba sa kiran sunana, ba sa zama su yi hira da ni, ba sa ma yarda a gan su suna kallona. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. A ɗakin Gwaggo Kulu na girma, cikin gida ɗaya da su, don mijinta ya rasu ta dawo wurin ƙanenta. In Baba yana son in kawo masa ruwa, ina tsaye a gabansa, sai ya dubi Gwaggo ya ce ta gaya wa yarinyar nan.

Kowace safiya, kafin a ɗora tukunya, akwai abin da Baba da Inna suke yi. Ya zauna gindin aduwar tsakar gida da gogensa a cinya, ita tana tsaye da tsintsiya ko ƙwarya a hannu. Sai ta rufe baki ta saki murya ɗaya ta hanci, doguwa, ba waƙa ba. Shi kuma yana jan tsagiya, wato gashin wutsiyar doki da aka ɗaure a jikin gogen, yana tura wani ɗan ƙaho da ke ƙarƙashinta. In ya tura ƙahon ciki tsagiya ta yi tauri, murya ta hau. In ya janyo shi ta saki, murya ta sauka. Haka zai yi ta lallaɓawa har muryar goge da ta Inna su haɗu su zama ɗaya, ka rasa wace ce ta mutum. Daga nan ta ci gaba da shararta. Ban taɓa jin sun yi wa juna wata magana mai daɗi a gaban mutane ba, wannan ɗin dai ita ce tasu.

Gwaggo ce ta fassara mini abin, don ita ma 'yar mai goge ce, a cikinsa ta tashi. Muna sussuka wata rana na tambaye ta me ya sa kullum sai an sake wannan wahala. Ta jingina taɓarya ta nuna mini tsanin rumbu.

"Kin ga wanga tsani? Haka waƙa take. Matakai biyar gare ta. In an ja tsagiya ba a aza yatsa ba, wannan shi ne gindi. Yatsu huɗu su ba ki sauran huɗun. In kin wuce na biyar, gindin ne ya komo, sai dai ya ƙanƙance."

Na ce to ai in haka ne, sau ɗaya ya isa a ɗaure ta a huta.

"Ke dai akwai gaggawa. Tazarar matakan ɗaya ce ko'ina, ba ta sakewa. Amma tsanin, ana iya kahwa shi ƙasa, ana iya aza shi bisa turmi. Kowane mutum da inda Allah ya kahwa mishi nashi, shi muke ce ma mazauni. Uwarki nata sama yake. Naki ƙasa yake, irin namu ne, muryar gidanmu ce mai kauri. Kuma ki riƙe wannan, Larai: goge shi ka bin mai waƙa. Mai waƙa ba ta bin goge."

Na riƙe, kamar yadda yaro yake riƙe magana, ban san ranar amfaninta ba. Waƙoƙin Inna kuwa duk na haddace su, ina yin su a bakin turmi da hanyar rijiya, a nawa mazaunin. Amma da na hango Baba sai in yi shiru, don kunyar ba gefe ɗaya take ba.

Shekarar da na isa budurwa, abu biyu suka faɗa mana. Gero ya fitar da kai, ya yi kyau har ana murna, sai fara ta sauka ta bar mana kara. Ba mu gama wannan kuka ba zazzaɓin ƙarshen damina ya kama Inna. Da safiyar ranar da ta kwanta ma sai da ta ba Baba murya, ya daidaita gogensa. Ba ta sake tashi ba. Ta bar ni da ƙannena uku, ƙaraminsu, Auta, bai daɗe da yaye ba. Na yi kuka irin wanda ban sake yin kamarsa ba, har da na mijina daga baya, kuma wani ɓangare na kukan na baƙin ciki ne cewa ta tafi ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Bayan sadakar arba'in rumbu ya nuna gindinsa. Sai ga aike daga wasu Fulani da suka sauka rijiyar Korahane, suna da suna. Baba ya sauko da goge, ya shafa wa tsagiya ƙaro, ya dubi Gwaggo.

"Yaya, an ce yarinyar nan ta san waƙoƙin. Ki ce mata ta shirya mu tahi."

Muka isa da hantsi, mata sun jeru da ƙoren nono. Na tsaya bayansa ina jira ya juyo, ko ta bakin Gwaggo, ya nemi muryata kamar yadda ake yi. Bai nema ba. Ya ja tsagiya kawai, sai ga muryar Inna ta fito, a inda ya bar ta ranar ƙarshe. Gindinta yana wajen matakina na uku. Jama'a sun zuba ido, ba wurin tsayawa shawara, sai na ɗaga wuya na yi tsalle na kama ta. Matakan ƙasa ban sha wuya ba. Na huɗu na ji maƙogwaro ya matse. Na biyar kuwa sai da na tattara duk abin da ke cikina na turo shi ta hanci. Amma ya fita, kuma ya fita da kama da tata har tsofaffin matan suka fara sharar hawaye suna cewa zabiya ta dawo. Muka koma gida da nono da cuku da 'yar akuya. Ƙannena suka ci suka ƙoshi. A hanya Baba yana gaba ina baya, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Na ɗauka ruɗewar ranar farko ce. Ashe ba haka ba ne. Tsagiya ba ta zama inda aka bar ta, sanyi ya sa ta saki, zafi ya sa ta sake hali. Kowace safiya Baba yakan zauna gindin aduwa shi kaɗai, ya rufe ido, ya yi ta tura ƙaho har ya kai ta mazaunin Inna, da kunnensa kawai. In ya same shi sai ya daɗe yana jan gindin nan ɗaya, ba yatsa, ba waƙa. Duk gidan mun san abin da yake saurare.

Da sanyi ya shigo, ina tashi da safe murya a dishe, sai rana ta ɗaga take buɗewa. Gwaggo ta fara dafa mini citta da bagaruwa, in ta sami zuma ta ɗiga, ta zuba a 'yar gora ta riƙa bina da ita duk inda muka je. Ita ce gorar da kuka ji labari. Da ta ga abin ba ya raguwa, ta tare Baba a tsakar gida, ina daga cikin ɗaki ina ji.

"Bawa, kai ɗan mai goge ne ko ba kai ba ne? Ina ka taɓa ganin an ja mutum zuwa ga tsagiya? Sabko da ita. Ɗiyar ga kashe kanta take."

"Ai tana kaiwa, Yaya. Kowa ya ji tana kaiwa."

"Tana kaiwa da jini! Ka taɓa tambaya ina nata mazaunin yake?"

Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Ba ni da zanenta, kun raba. Ba ni da ƙwaryarta. Kabarinta ma iska ya fara shafe shi. Nan kaɗai ta rage mini. In na sabke ta, ina zan sake samo ta? Wa zai ba ni?"

Gwaggo ta juya ta bar shi a tsakar gida. Sai dai ita ba ta iya barin abu. Kwana kaɗan bayan haka, Baba ya tafi jana'iza, ta sauko da gogen daga inda yake rataye, ta sa ni na ba ta murya, ta janyo ƙahon har tsagiya ta sauko ta same ni. Wayyo, daɗin da na ji! Na hau matakan nan biyar na sauko kamar mai yawo a tsakar gidansu, ba inda ya matse ni. Wannan ne karo ɗaya tak a rayuwata da na ji goge yana bina. Gwaggo ta mayar da shi ta rataye, ta ce in ya ji da kunnensa zai gane.

Washegari Baba ya ɗauki gogen ya ja. Ja ɗaya ya yi ya tsaya. Bai yi faɗa ba, bai tambayi wanda ya taɓa ba, bai kuma tura ƙahon ya mayar ba, ko da yake ya iya. Ina jin abin da ya gani shi ne gidansa duka sun gaji da makokinsa. Ya tashi ya rataye gogen, ya ɗauki gatari ya shiga daji. Aike ya zo daga garin Ɗan Gulbi, Baba ya ce ba shi da lafiya. Wani ya zo daga Buzayen da suka kawo gishiri, ya ce ya bar kiɗa. Ya koma saran itace, a shekarar da ba mai abin sayen itace.

Akuyar nan muka yanka, ta ƙare. Muka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su ciwu. Ku da kuke ture tuwo don miya ba ta ji daddawa ba, Allah ya sa kada ku san ɗanɗanonta. Gwaggo ta ce mu daure, yunwa za ta sauko da shi. To, shi ƙanenta ne, taurin kan nan nono ɗaya suka sha shi. Manya suna ja-in-ja, Auta yana ramewa. Da fari kuka yake yi dare da rana har ya ishe mu. Ranar da na lura ya daina kukan, yana kwance kawai yana bin mutane da ido, ranar na yanke shawara.

Ba wanda ya sa ni, ku rubuta wannan da kyau. Da rana tsaka, Baba yana daji, Gwaggo ta tafi rijiya, na sauko da gogen. Muryar Inna tana kunnena kamar yadda take a nasa. Na tura ƙahon a hankali, ina ja ina saurare, har ta hau ta zauna inda take. Na san abin da nake yi. Na san maganar da Gwaggo ta ce in riƙe, na kuma san yadda maƙogwarona yake. Na auna muryata da yaron da ke kwance, na ga ba su zo ɗaya ba. Na jingina gogen a bakin ƙofar Baba. Gwaggo ta dawo ta gani, ta ɗan taɓa tsagiyar da yatsa, ta sauke tulunta ta zauna a ƙasa.

"Larai, mi kika yi?"

"Gwaggo, Auta ya bar kuka."

"Muryar taki ba ta kai ki damina, na rantse miki."

"In ta kai mu damina ai ta yi."

Ta kai mu, saura kaɗan. Baba ya ɗauki gogen ya koma kiɗa. Rani duka muka yi muna bin rijiyoyi, daga wannan mashaya zuwa waccan, duk inda makiyaya suka taru. Sunana ya tafi, ana cewa 'yar zabiya ta fi uwarta. Auta ya murmure har ya koma ɓarna. Ni kuwa na koyi dabaru irin na mai ɓoye ciwo: in ja numfashi inda Inna ba ta ja, in bar wa 'yan amshi wani wurin, in juya baya in tofar da yawu in rufe da ƙasa don kada a ga launinsa. Tsakanin biki da biki ba na magana sam, ina tara abin da ya rage. Baba ya ɗauka natsuwa ce. Ba na jin haushinsa a lokacin, tausayinsa nake ji, kuma in faɗa muku gaskiya akwai daɗi a ciki. Duk sanda na hau matakin nan na biyar, yakan ɗan karkato kai wajena. Ban taɓa samun ko da wannan daga gare shi ba, ko da yake na san ba ni yake karkato wa ba.

A bazara ne, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, aka kira mu auren ɗan wani mai shanu kusa da Ɗan Gulbi. Zafi ranar har ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Kafin mu fara Gwaggo ta miƙo mini gorarta a gaban mutane, na kurɓa kamar kullum. Waƙa ta farko ta wuce. A ta biyu, akwai inda goge yake hawa ya tsaya, ya bar wa zabiya fili ta ɗauka daga sama. Baba ya hau ya tsaya. Na buɗe baki, na ji wani abu ya tsinke a wuyana, ba da zafi sosai ba, kamar zaren da ya daɗe yana lalacewa. Iska kawai ta fito. Baba bai juyo ba, ya zaci numfashi ne ya kuɓuce mini, ya zagayo da kiɗan ya sake kawo ni wurin ya tsaya. Ya sake zagayowa. Filin nan yana buɗe, jama'a sun yi tsit, ina tsaye da baki a buɗe. Sai wata mata daga cikin taron ta ce ai ta ga tsohuwar can ta ba ta wani abu ta sha.

Daga nan maganar ta tashi, kafin mu iso gida ta riga mu. Aka ce Gwaggo hassada take, don ita ba ta yi suna a waƙa ba. Matar da ta goya ni, ta tauna ta ba ni, ta yi faɗa da ƙanenta saboda ni. Ta rayu shekaru bayan haka mata suna janye 'ya'yansu in ta wuce, ba mai karɓar ko ruwa daga hannunta. Baba ya yi ta cewa ba ita ba ce, aka ce ai dole ya kare 'yar'uwarsa. Ita kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta ce ga wanda ya jawo ba, don in ta wanke kanta shi za ta shafa wa. Abin da ke cikin gorar citta ce da bagaruwa da zuma. Wanda ya sake faɗin wani abu daban a cikin zuriyata, ban yafe ba.

Aka yi mini magani iri-iri, aka yi rubutu na sha, aka ce in yi shiru wata guda za ta dawo. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Wata safiya bayan shuka, ina tankaɗe a ƙofar ɗakin Gwaggo, sai na ga Baba ya fito da goge. Tun ranar auren bai taɓa shi ba. Bai tafi gindin aduwa ba, ya zo ya zauna kusa da mu a ƙasa mai laima, ya ba ni gefe kamar yadda ya saba. Ya ja tsagiya, muryar Inna ta fito. Ya saurare ta, ya daɗe. Sannan ya sa yatsa ya janyo ƙahon da kansa.

"Yaya, ki ce mata ta ba ni murya."

Gwaggo ta dube ni, idonta ya cika. Na ajiye rariya. Na rufe baki na tura ta hanci kamar yadda Inna take yi, na tura da duk ƙarfina. Ba abin da ya fito sai huci.

Ya ce ba komai, shi zai nemo ta, in ya iso wurin a gaya masa. Ya riƙa janyo ƙahon kaɗan kaɗan, yana ja yana saurare, tsagiya tana sauka. Na ji lokacin da ya iso mazaunina. Na gane shi sarai, kamar ƙofar ɗakinmu. Na ɗaga hannu in nuna masa, amma ya ba ni gefe, idonsa a rufe, ba ya ganina. Gwaggo kuwa ta rufe fuska da zane tana kuka. Ya wuce ni. Ya ci gaba da sauka yana nema, har tsagiya ta saki gaba ɗaya ta kwanta a kan fata, ba ta ƙara cewa komai.

Ya zauna da gogen a cinya, yana kallon ƙasa.

"Yaya, a gidana aka haihe ta, a gidana ta girma. Ban san inda muryarta take ba."

Gwaggo ta share ido ta ce masa ya riga ya wuce wurin. Ya tambaya ko ya koma baya, a nuna masa. Na girgiza mata kai, don ko ya samu ba ni da abin da zan ɗora a kai. Na ɗauki rariyata na ci gaba da tankaɗe, yara suna jiran kunu.